Ƙyaftau da Dattijo

Shekararta hamsin da tara, amma har yanzu Auta ake ce mata. Yayanta ne ya shigo da sunan wurin aiki ranar da ya kawo ta tashar nazarin taurari ya nuna mata kujera, sunan kuma ya manne. Shi ana ce masa Farfesa. Ita ce ke zama a ɗakin awo, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon faifan, wani ƙaton farin faranti na ƙarfe da ke juyawa a hankali yana sauraron sama. Abin da yake kamawa hasken rediyo ne, irin wanda ido ba ya gani, rana kuma ba ta dusashe shi. Don haka aikin Auta na ofis ne kamar na kowa, ta zo da safe ta tashi da la'asar.

Abu ɗaya suka sa wa ido shekara ashirin da uku. Wani tarin taurari ne can nesa, mai lamba maimakon suna, wanda a cibiyarsa akwai baƙin rami da ke haɗiye duk abin da ya matso shi. Hasken rediyo na zuwa daga wannan tarin, masana kuma sun daɗe suna musu a kan takamaiman inda yake fitowa. Wasu sun ce daga sababbin taurarin da ke warwatse a faɗin tarin ne. Wasu sun ce a'a, daga gefen ramin ne. Farfesa ya ce surutu ba zai raba gardamar ba, a auna. Hujjarsa ko yaro zai gane ta. In ka hango gari daga nesa, gidaje dubu kowa da lokacin kunna fitilarsa, hasken garin ba ya rawa. Fitila guda ce ke ƙyaftawa. In dai hasken tarin nan yana hawa yana sauka cikin 'yan watanni, to daga ɗan ƙaramin wuri yake fitowa, wato gefen ramin.

Ya kuwa yi rawa. Wata uku ya hau, wata biyar ya sauka, ya sake hawa. Suka sa masa suna Ƙyaftau. Zanen hawa da saukar nan shi ya yi wa Farfesa suna. Ya shiga littattafai, ana zana shi a allo a ƙasashen da Auta ba ta taɓa takawa ba.

Sai dai faifai ba ya ba da lamba tsantsa. Zafi na taɓa ta, danshi na taɓa ta, tsufan na'ura na taɓa ta. Shi ya sa kullum ake fara juya shi ga wani abu a sama wanda aka yarda ba ya canzawa, a auna shi, sannan a gwada abin da ake nema da shi. Nasu ma'aunin Farfesa ne ya zaɓe shi da kansa. Ya sa masa ido wata takwas a shekarar farko, bai ga ya motsa ba, ya ce an gama, ya sa masa suna Dattijo. A tashar nan kuwa akwai dokar da ba a rubuta ba, ta kuma fi rubutattun ƙarfi: abin da babba ya auna, ƙarami ba ya sake aunawa. Ana yawan cewa ilimi bai san babba da yaro ba. Masu faɗin haka ba su taɓa zama a ofis ba.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Farfesa. Bana Auta za ta yi ritaya. Darakta, wanda tsohon ɗalibin Farfesa ne, ya shirya fitar da cikakken awon shekara ashirin da uku ranar Alhamis don girmama malaminsa tun yana da rai. Ya ce kafin nan Auta ta shigar da duk tsofaffin littattafanta na hannu cikin kwamfuta, ta kuma sa hannu cewa awon daidai yake, tunda ita ta ɗauke shi.

A littattafan nan akwai wani layin lambobi da babu wanda ya taɓa tambaya. Tun wata shekara da na'ura ta mutu kwana tara ba su sani ba, Auta ta ɗauki wata ɗabi'a. Kafin ta tashi, takan juya faifan minti biyu ga wani abu daban a wani gefen sama, don kawai ta tabbatar na'urar na da rai. Ta sa masa suna Maƙwabci. Ta rubuta lambar, ta rufe littafi, ta ɗauki jakarta. Ba ta taɓa zana su ba, don ba a sa ta ba.

Ranar Litinin da hantsi ta shigar da shafin ƙarshe. Kwamfuta ba ta san babba ba, ta zana duk abin da aka ba ta. Layi biyu suka fito, ɗaya bisa ɗaya. Inda Ƙyaftau ya hau, Maƙwabci ya hau. Inda ya sauka, ya sauka. Har 'yar ƙaramar gargadar shekara ta tara, wadda Farfesa ya rubuta shafi arba'in a kanta, tana nan a duka biyun.

Auta ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta, ta mayar. Abubuwa biyu da ba su san juna ba, ɗaya gabas ɗaya yamma, ba sa rawa iri ɗaya. Abin da ya haɗa su ɗaya ne, da Dattijo aka gwada su duka. In tela ya auna mutum biyu ya ga kullum tare suke ƙiba tare suke ramewa, to tef ɗinsa ne na roba. Ta cire Dattijo daga tsakani, ta gwada Ƙyaftau da Maƙwabci kai tsaye. Layin ya miƙe.

Shayinta ya huce a gefen tebur. A waje faifan yana ta juyawarsa.

Washegari ta kai wa Darakta takardun. Ya miƙe ya ja mata kujera kamar yadda ya saba.

"Malama, kin zo sa hannu ko kin zo yi mini faɗa? Fuskar nan na san ta tun ina ɗalibi."

"Duba nan."

Ya duba. Ba wawa ba ne, minti ɗaya ya ishe shi. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo.

"Wa ya gani?"

"Ni da kai da kwamfuta."

"Malama, aikin nan manyan masana na duniya sun karanta shi. Sun tace shi sau nawa."

"Sun karanta abin da muka ba su. Ko akwai wanda ya zo nan ya ce a nuna masa Dattijo?"

"Minti biyu-biyu ne fa awon Maƙwabcin naki. Ba awo ba ne, leƙe ne."

"Leƙen shekara ashirin da ɗaya. Kai da kanka ka koya wa yara cewa ƙananan awo in sun taru sun fi babba guda. Ko a aji kawai yake aiki?"

Ya murza goshinsa. "Digirina a kan wannan zanen yake. Na rabin mutanen ginin nan ma haka."

"Na sani. Ni na buga maka lambobin."

"To ki sa hannu ranar Alhamis, mu yi wa tsoho abin da ya kamata. Daga baya sai mu kafa kwamiti, a bi abin a hankali."

"Kwamiti." Ta tattara takardunta. "Tun zuwana nan kwamiti huɗu aka kafa a kan yoyon rufin ɗakin awo. Har yanzu da bokiti nake aiki."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba ni zan hana ki ba. Amma yayanki ne. Ki je ki faɗa masa da bakinki, ki kalli idonsa. In kin iya, ki dawo."

Ranar Laraba bayan azahar ta tafi gidan. Matar yayanta ce ta buɗe, hannunta jiƙe da ruwan wanki.

"A'a, ƙanwar miji! Yau kuma ba Asabar ba? Ko kin ji ƙamshin tukunyata daga tashar taku?"

"Anti, da faifan nan na kama ƙamshi da tuni na tare a nan. Yana farke?"

"Yana nan yana zagin mai karanta labarai. Shiga ki karɓe ni."

Ɗakin na warin man zafi da sabulu. An ɗaga gadon da matasai uku. Ɓarin hagunsa a kwance yake kamar na wani, baki ya karkace, amma idon nan dai shi ne, idon da ke sa ɗalibai su manta sunansu. A bango, cikin gilashi, ga zanen Ƙyaftau.

"Auta," ya ce, harshen na jan ƙafa. "Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Yaya. Aiki na kawo maka."

Ta kashe rediyon, ta zauna a bakin gado, ta riƙe masa takarda ta farko daidai idonsa. Ba ta yi bayani ba, ya fi ta sanin karatun zane. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga hannun dama ya bi layin da yatsa, ya tsaya a gargadar shekara ta tara.

"Wannan na ƙasan fa?"

Ta gaya masa labarin Maƙwabci.

"Wa ya sa ki?"

"Babu wanda ya sa ni."

"Kin gwada su kai tsaye?"

Ta juya takarda ta biyu.

"Miƙe," ya ce.

"Kamar an ja da rula."

"Ashe taurari ne. Mutanen can sun yi gaskiya."

"Ban sani ba, Yaya. Wataƙila yana 'yar rawa ƙarama da ta fi ƙarfin kunnen faifanmu. Ba mu nuna daga ramin yake ba, ba mu nuna daga taurari yake ba. Abin da muka sani yau shi ne abin da muka sani ranar da muka fara."

"Wata takwas na auna Dattijo."

"Wata takwas ya yi shiru. Shi ma tarin taurari ne mai rami a ciki. Irinsa sukan yi lamo su farka, kai ka koya mini."

Yawu ya gangaro daga gefen bakinsa. Ta ɗauki tawul za ta goge, ya kawar da kai.

Ta tuna shekara ta huɗu, ranar da ta ce ko za a sake duba Dattijo, tunda an daɗe. Gaban ɗalibai shida ya ce mata, "Auta, ki auna abin da aka ce ki auna." Suka yi dariya, ita ma ta yi. Ba ta sake tayar da zancen ba. Yanzu ba ta tuna masa ba, don laifin bai tsaya a kansa ba. Amsar tana cikin durowarta shekara ashirin da ɗaya, ƙarƙashin gwangwanin sukari, ita ce ba ta buɗe ba.

"Alhamis," ya ce.

"Gobe ke nan."

"Ki sa hannu."

"Yaya."

"Ki sa. In na mutu ki faɗa. Ki hau kan faifan ki yi shela in kin so. Ba zan ji ba."

"Likita ya ce jikinka da sauran ƙarfi. Ya ce za ka iya shekara goma."

"To ki jira shekara goma. Me zai sami sama? Gudu za ta yi?"

Dariya ta so kama ta, hawaye suka riga ta. Ya dube ta da idon nan, sai ta ga babu faɗa a cikinsa, wannan ya fi komai tsorata ta.

"Auta, tun da aka haife ki ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ne. Umarni yake ba ta. Yi kaza, bari kaza, zo nan, karanta wannan. Shi ya koya mata lissafi a bayan takardar kalanda, shi ya tsaya a ƙofar ɗakin jarrabawa yana jiran fitowarta, shi ya zauna da ita kwana arba'in da mijinta ya rasu bai ce mata uffan a kan haƙuri ba. Bai taɓa cewa don Allah ba.

"Dube ni," ya ce. "Ba na iya juya kaina a gado. Matata ke wanke ni. Abin da ya rage mini shi ne wancan." Ya nuna bango da haɓa. "In kin cire shi, me ke kwance a nan?"

"Yayana."

"Ba ya isa."

Ta naɗe takardun. A falo Anti ta tare ta da kofin ruwa, ta dubi fuskarta, murmushin ya gushe.

"Na ji ta ƙofa. Ban gane lissafinku ba, ba na kuma son ganewa. Abu ɗaya na sani. Da asuba in na juya shi, abin da yake fara tambaya shi ne saura kwana nawa Alhamis. Shi ya sa yake cin abinci. Wannan abin naku yana can inda ko jikan jikanki ba zai je ba. Wa zai cutu in ya yi rawa ko bai yi ba?"

Amsar da Auta take da ita ba ta falo ba ce. Shekara goma sha biyu da suka wuce wata mata daga wata tasha mai nisa ta rubuto. Ta ce ta bi Ƙyaftau shekara uku ba ta ga ya motsa ba, ko za a taimaka mata ta gane kuskurenta. Farfesa ya ce a amsa mata cewa na'urarta ce ba ta da kyau. Auta ce ta buga wasiƙar, har ta gyara masa waƙafi. Ba a sake ganin sunan matar a wata takarda ba. Yanzu haka akwai wasu a wurare dabam-dabam da suka juya faifansu ga sama suna neman abin da babu, in ba su gani ba su zargi kansu.

Alhamis da ƙarfe takwas ta zauna a ɗakin awo. Takardar sa hannu na gefe ɗaya, layi guda ne kawai, ga biro. Ta daɗe tana kallon layin. Ta gwada a ranta yadda zai kasance: ta sa hannu, a yi taro, a tura shi a keken marasa lafiya a yi masa tafi. Sannan ta riƙa zuwa duk Asabar tana gaishe shi, tana duba ko ya rame, tana sauraron tarinsa, da takardu biyu a jaka suna jiran ranarsu. Ta ga irin matar da za ta zama, mai jiran mutuwar ɗan'uwanta don ta samu ta faɗi gaskiya. Ta ture takardar.

Shafi biyu ta rubuta. Ta fara da cewa ita ce mai awon, lambobin da suka tona kuskuren suna hannunta tun shekara ta biyu, ba ta duba ba. Ta sa zanen biyu. Ba ta sa sunan kowa ba sai nata. Ta aika wa mujallar da ta fara buga aikin, ta kai wa Darakta kwafi da hannunta. Ya karanta a tsaye, ya ɗauki waya ya ce a sallami masu jera kujeru.

Babu wanda ya yi ihu. Irin wannan abu ba da ihu yake kashe mutum ba. Wata tasha ta duba tsofaffin awonta ta tabbatar Dattijo na rawa. Wasiƙun gayyata suka daina zuwa gidan Farfesa. A tashar, mutane suka koyi gaishe da Auta suna tafiya. Ranar ritayarta an ba ta agogon bango a cikin kwali, Darakta ya yi jawabin minti uku bai ambaci Ƙyaftau ba.

Asabar uku ta je gidan, Anti na cewa daga bakin ƙofa yana barci. A ta huɗu ta buɗe ƙofar sosai, ta koma kicin. Ba ƙanwar miji, ba zancen tukunya.

Ya rame. An juya shi yana fuskantar bango, idonsa a rufe. Ta yi sallama, ta ce, "Yaya, ni ce." Numfashinsa ba na mai barci ba ne, ta san na mai barci. Ta ja kujera ta zauna. Ta gaya masa an yi ruwa jiya, ta gaya masa gwiwarta na damunta. Ta kai hannu ga hannunsa na dama, ya janye shi a hankali ya tura ƙarƙashin bargo.

Na hagun yana nan a kan zanin gado inda aka ajiye shi, yatsu a lanƙwashe, farce ya yi tsawo har ya fara shiga tafin. Ta buɗe jakarta ta ciro abin yankan farce. Ta ɗauki hannun ta ɗora a cinyarta, mai nauyi, mai sanyi, wanda ba shi da ikon ƙin ta. Ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta fara daga ƙaramin.